Godiya bayan wasan daren Asabar

Alhamdu lillahi. An yi wasan kiɗan a nan Jamus, karon farko da na busa ƙaho gaban jama'a tun bayan ciwon da ya shanye mini ɓarin fuska, an tashi lafiya, kuma leɓena ya kai ni har ƙarshe. Tun daren Asabar wayata ba ta huta ba, ni kuwa gajiya ta hana ni bin kowa da amsa, shi ya sa na haɗa godiyar wuri guda. Wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri, bashin barci nake biya.

Ba sai na maimaita muku labari ba, kun bi shi tun ranar da Maman yara ta sanar da soke wasannina. Asubar farkon ce kawai ban taɓa ba ku ba. Na tashi alwala, na kai ruwa baki zan kuskure, sai ya ziraro ta gefen dama ya jiƙa mini riga. Na sake, haka dai. Da na duba madubi na ga ɓarin fuskar ya saki, idon dama ya ƙi rufuwa. Maman yara tana ta salati tana neman lambar motar asibiti, tunaninta shanyewar ɓarin jiki ce. Ni kuwa na tsaya ina kallon akwatin ƙahona a bakin ƙofa, don da yammacin ranar muna da gwajin kiɗa.

Wanda ba ya busa ba zai gane wannan tsoron ba. Ƙahon Turawa ba shi da murya tasa. Bututun tagulla ne aka nannaɗe, tsawonsa ya kusa mita 4 in aka miƙar da shi, kuma duk sautin da kuke ji daga karkarwar leɓɓa yake fitowa, cikin ɗan bakin ƙarfen da faɗinsa bai kai na kwabo ba. Jijiyar fuska ce ke juya naman da ya kewaye baki, ita ce kuma ta kumbura. A asibiti likitar ta ce in ɗaga gira, ta dama ta ƙi motsi, sai ta ce wannan alama ce mai kyau, don shanyewar da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa yawanci tana ƙyale goshi. Ciwon Bell ne, akasarin masu shi suna warkewa cikin makonni ko watanni, musamman in an fara maganin kumburi kafin awa 72 su cika. Na tambaye ta ko warkewar za ta kai ta mai busa. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin da ba a hannunta yake ba. Na gode mata da wannan gaskiyar, Allah Ya saka mata. Ku kuma 'yan'uwa na gida, in bakin mutum ya karkace a kai shi asibiti a ranar, a yi addu'ar a hanya, kada a zauna ana cewa iska ce ta buge shi.

Na san wasunku ba sa son a ambace su. Ku yafe ni, yau sai na yi.

Abokiyar aikina, mai busa ƙaho na biyu. A sana'armu an raba aiki, na ɗaya da na uku su ke hawa sama, na biyu da na huɗu su riƙe ƙasa, kuma kowa leɓensa ya saba da gurbinsa. Duk da haka ta karɓi wasannina, har da kiɗan mutum takwas da mai tsara kiɗa Schubert ya rubuta a 1824, wanda ke cin kusan awa guda kuma ƙaho ɗaya tak ne a ciki, babu bayan wanda za ka ɓuya. Mu da ba mu da albashi, wasa ake biyanmu, mun san yadda abin yake: wanda ya maye gurbinka in ya yi kyau, shi za a kira gobe. Ita kuwa duk inda ta je sai ta ce wa masu shiri kujerar tawa ce, aro ta yi. Wata ranar Lahadi ta zo gida, ta sha shayi, ta yi wasa da yara, ta tafi. Sai da dare Maman yara ta ga ambulan a ƙarƙashin faranti, rabin kuɗin wasannin ne a ciki. Na kira ta da karkataccen bakina ina ƙoƙarin yin gardama, ta ce ba ta jin abin da nake faɗa, ta kashe wayar. 'Yar'uwa, Allah Ya tsare miki leɓenki da numfashinki har tsufa, Ya jiɓinci lamarin 'ya'yanki, kada Ya nuna miki ranar da za ki nemi taimako ki rasa.

Sai Baba, tsohon malamina da ya yi ritaya. Shi ya ɗauke ƙahon daga gidana gaba ɗaya, ya bar mini ɗan bakin ƙarfen da madubi. Ya ce wanda ya matsa wa leɓen da bai warke ba zai koya masa mugun hali da ba ya fita. Yakan hawo jirgin ƙasa ya zo ya zauna gabana, in yi 'yan mintoci ina hura iska, ya ce ya isa. Ranar da sauti ya fara fita, kamar kukan akuyar da aka taka wa ƙafa, sai tsohon nan ya cire tabarau yana share ido. Baba, ba ka jin Hausa, amma za a karanta maka. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Shirya kiɗan ƙaramin rukuni rabinsa takarda ne: hayar zaure, hayar fiyano da mai daidaita shi, tikiti, mai naɗar sauti, kuɗin jirgin makaɗa. Mai gogenmu ta ɗauki wannan duka a kanta lokacin da idona ba ya jure kallon kwamfuta. Masu zauren sun ɗage mana rana ba su ƙara ko sisi ba. Cikin waɗanda suka sayi tikiti da yawa sun ce a riƙe kuɗin har in warke. Na gode, na gode.

An ba ni shawara in dawo da abu mai sauƙi, na ƙi. Na zaɓi kiɗan mutum uku na mai tsara kiɗa Brahms, ƙaho da goge da fiyano, wanda ya rubuta a 1865, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu. Ya so a busa shi da tsohon ƙaho marar maɓallai, wanda hannun dama a cikin bakinsa ke gyara sauti, ni dai da nawa na zamani na yi, ƙirar kamfanin Alexander na garin Mainz. Kiɗan kashi huɗu ne, na uku shi nake tsoro, mai tafiyar hawainiya da dogon numfashi a hankali, inda ko ƙaramar rawar leɓe sai an ji. A ganina mai busa da ya wuce wannan kashin ya dawo aiki, saura duk gudu ne.

Mutanenmu na nan Jamus, me zan ce muku? Matan da suka yi ta aiko da kunu da fate lokacin da tauna ke ba ni wuya, Allah Ya ba ku aljanna. Mazan da suka cika layi biyu da manyan riguna, waɗanda ba su taɓa zama sauraron irin wannan kiɗan ba, kun tafa tun a ƙarshen kashi na farko alhali al'adar nan sai an gama duka huɗun. Jamusawa sun waiwayo. Ni wallahi daɗi na ji, kuma na roƙi mai naɗar sauti kada ya yanke tafin.

Inna, addu'arki ta iso. Yaya Babba, kiranka na kowace Juma'a bai taɓa yankewa ba. Akwai kuma na jini da ke nan kusa, tafiyar jirgin ƙasa kaɗan, da ko saƙon sannu ban gani ba. Na ji an ce dama busa ba sana'ar ɗan gidanmu ba ce. Ba komai, Allah Ya bar zumunci.

Maman yara, ke kika riƙa manne mini ido da filasta kowane dare, ke kika riƙe gida da kuɗin ɗinkinki ba ki taɓa bari na ga lissafin ba. Allah Ya biya ki da abin da ya fi ƙarfina, Ya raya mana yaran nan, Ya ba duk mai jinya lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Amin summa amin.

Masu tambayar faifan wasan, yana hannun mai tacewa, da ya fito zan sanar. Baba ya hana ni busa har ƙarshen mako, don haka masu neman darasi ku bari sai Litinin.