Banki ya sa min rana bai tambaye ni ba, kuma ni aka ɗora wa laifin jinkirin

Masu aikin kiyasta darajar gidaje a Amurka duk sun san wannan saƙon, wanda yake faɗowa waya tun kafin ka gama karanta adireshin gidan: ka kira mai gida cikin awa 24, ka tsayar da ranar zuwa cikin awa 48, ka shiga manhaja ka rubuta cewa ka yi. In ba ka rubuta ba wani saƙon zai biyo, da dare ne ko ranar hutu, inji ne yake turowa shi babu ruwansa. Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin surutu kawai da mutum zai haƙura da shi, sai a 2021 na gane ashe agogon nan da kamfanonin da ke turo mana aiki suke kunnawa shi ne yake yanke ko gobe za ka samu aiki ko ba za ka samu ba, kuma wallahi har yanzu in na tuna yadda na gane sai raina ya ɓaci.

Lokacin kasuwa ta haukace. Kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauka har kashi 2.65 cikin 100 a watan Janairun 2021 a lissafin Freddie Mac, kamfanin da ke sayen basussukan gidaje daga bankuna, kowa yana son ya sayi gida ko ya sabunta bashinsa, mu kuma masu lasisin ba mu ƙaru ba. Aiki ya fi ƙarfin kowa. A cikin wannan ruguntsumin ne wani kamfani daga cikin waɗanda ake ce wa AMC, wato masu shiga tsakanin banki da mu, ya turo min aikin wani gida a can wajen gari, bashin FHA ne, wato wanda hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya take tsaya wa, mai saye ne yake jira. Ina buɗe aikin sai na ga an riga an cike gurbin ranar zuwa, Asabar da safe. Ban kira kowa ba, ba wanda ya kira ni. Ashe jami'in bashi na bankin ne ya faɗa wa dillaliyar mai saye cewa mai kiyasi zai zo ranar Asabar, ita kuma ta faɗa wa dillalin mai sayarwa, magana ta zagaya ta zauna, ni da zan tuƙa mota in je ni ne na ƙarshen ji.

Na kira kamfanin na ce ranar nan fa ina da wasu gidajen a ɗaya gefen. Yarinyar da ta ɗauka ta yi min magana da ladabi, ta ce bankin babban abokin hulɗarsu ne, an riga an yi wa mutane alƙawari, in taimaka. Kamfanin nan kuma a lokacin kaso mai tsoka na aikina daga wajensu yake zuwa. Na ɗaga wa mutanen da na riga na ba lokaci, ɗaya daga cikinsu dattijuwa ce da ta ce min ta sa jikanta zai zo ya kama mata karenta saboda zuwana, na ba ta haƙuri, na kama hanya.

Na isa na buɗe akwatin makullin da lambar da aka turo min, na shiga. Na danna makunnin fitila shiru. Na murɗa famfon kicin, ko ɗigo. A kan murfin masai an manna takarda cewa an zuƙe ruwan bututun gidan saboda sanyi kada a yi amfani da shi, mitar gas a waje kuma an sa mata kwaɗo. Gidan ya daɗe babu kowa a ciki. To duk wanda yake yin aikin FHA ya san abin da wannan yake nufi, littafin ƙa'ida mai lamba 4000.1 na HUD, wato ma'aikatar gidaje ta Amurka, yana son ka kunna hita ka ga tana aiki, ka buɗe ruwa ka ga ƙarfinsa da ko akwai na zafi, ka gwada wuta, ka leƙa saman silin da ƙarƙashin daɓe. In an yanke wuta da ruwa ba ka da ikon cewa komai lafiya, sai dai ka rubuta rahoton bisa sharaɗin za a sake dawowa a duba, sannan ka sake zuwa ka cike fom 1004D na tabbatar da an cika sharaɗin. Na auna abin da zan iya aunawa, na ɗauki hotuna da fitilar waya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, na fito na tsaya a bakin mota ina kiran dillalin mai sayarwa. Abin da ya ce min shi ne ai ba wanda ya tambaye shi. Kuma gaskiyarsa ne. An tambaye shi ko Asabar ta yi, ya ce ta yi. Ba a tambaye shi ko akwai wuta ba, domin wanda ya sa ranar bai san akwai irin wannan tambayar ba.

Asarar yini da man mota ba su ne suka fi ci min rai ba. Kafin a dawo da wuta da ruwa da gas an ɗauki lokaci mai tsawo, kamfanin gas sai da ya turo ma'aikacinsa, mai gyaran famfo sai da ya zo ya sake cika bututun, duk wannan ba a hannuna yake ba. Ni ina zaune ina jira, ina amsa wa injin nan saƙo cewa ana jiran mai gida. Ashe duk kwanakin nan a kaina ake lissafa su. Wa'adin da banki ya kulle wa mai saye kuɗin ruwa, wato ya yi masa alƙawarin ba zai sauya ba, wanda galibi kwana 30 ne ko 45 ko 60, ya ƙare, sai da ya biya kuɗin tsawaitawa. Dillaliyarsa ta kira ni tana faɗa cewa na jawo wa bawan Allah asara, ni kuma ba ni da bakin da zan zauna in warware mata komai, domin a USPAP, wato ƙa'idojin aikinmu na masu kiyasi, bankin ne abokin cinikina, mai saye ba shi ba ne ko da daga aljihunsa kuɗin kiyasin ya fito, kuma abin da ke cikin rahoto amana ce tsakanina da wanda ya ba ni aiki. Na haɗiye.

Daga nan sai na ga aiki daga kamfanin nan ya fara ja baya, a lokacin da kowa yake neman mai kiyasi ido rufe. Da na matsa da tambaya sai wani ma'aikacinsu ya gaya min makina ne ya faɗi. Suna ba kowannenmu maki a kan saurin kira, saurin sa rana da saurin miƙa rahoto, kuma kwamfuta ce take raba aiki bisa makin. Agogon yana fara tafiya daga sa'ar da aka turo maka aiki, baya tsayawa sai in an sauya matsayin aikin zuwa wanda aka dakatar, shi kuma sai ka nema a rubuce wani ya amince. Bayanin da nake ta rubutawa a gurbin sharhi ba mai karantawa. Shekaru ina aiki da su ba wanda ya taɓa faɗa min haka. Rana ba ni na sa ba, wuta ba ni na yanke ba, amma sunana ne a kan jinkirin, na nemi a gyara aka ce tsarin baya komawa baya.

Ba wai ban san dalilin bankuna ba ne fa, na sani sarai. Yarjejeniyar saye tana da ranar da dole a gama maganar kiyasi, kulle kuɗin ruwa yana da wa'adi, kuma tun Janairun 2014 doka ta ce a ba mai neman bashi kwafin rahoton da zarar an kammala, ko aƙalla kwana 3 na aiki kafin ranar sa hannu, don haka ranar da suke bukatar rahoton ta riga ranar da kowa yake kallo. Su ma ana hura musu wuta. Sannan tun da aka shigo da tsarin HVCC na kare 'yancin masu kiyasi a watan Mayun 2009, bayan yarjejeniyar da Andrew Cuomo ya yi da manyan masu sayen basussukan gidaje, Fannie Mae da Freddie Mac, lokacin yana babban lauyan jihar New York, daga baya dokar Dodd-Frank ta 2010 ta zo ta maye gurbinsa da ƙa'idoji irin nasa, an raba masu cin kamasho a kan bashi da mu don kada su matsa mana mu rubuta farashin da suke so. Wannan gyara ne mai kyau, na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma matsin bai tafi ba, wuri ya sauya. Ba wanda zai ce maka ka kai gidan nan dala kaza, doka ta hana. Abin da za a ce maka shi ne ka je gobe ka kawo rahoto jibi, alhali mutumin da aka kora da gudu shi ne zai ɗauki gidaje uku na farko da ya gani a kundin dillalai ya kwatanta ba tare da ya kira ya tabbatar da yadda aka sayar da su ba. Sauri kan haifi nawa, a aikinmu kuwa har da rahoton da za a dawo maka da shi ka yi ta gyara.

Abin da nake yi yanzu, ranar da wani ya cike min a manhaja ba na ɗaukarta da muhimmanci ko kaɗan sai na yi magana da wanda makulli yake hannunsa da bakina. Mai saye ba shi da makulli, jami'in bashi ba shi da shi. In gidan sayarwa ne dillalin mai sayarwa nake nema, in sabunta bashi ne mai gidan. Kuma tambayar farko, tun kafin gaisuwa ta yi nisa, akwai wuta akwai ruwa akwai gas? A kunne suke yau ɗin nan? Na kan ce a je a murɗa famfo a turo min hoto in gidan babu kowa, wasu dillalan suna jin haushi, su ji. Sai in tambaya ko akwai ɗan haya a ciki, domin jihohi da dama suna son a ba shi sanarwa kafin a shigar masa gida, California misali awa 24 a rubuce, kuma ɗan hayan da ba a gaya wa ba yana da gaskiya in ya ƙi buɗe ƙofa. Sai maganar kare, sai ƙofar hawa saman silin ko an jibge kaya a gabanta, sai ɗakin da aka kulle aka tafi da makulli. Duk wannan bai fi 'yan mintuna a waya ba, kuma da an bar ni na yi kiran nan a wancan gidan da tun ranar farko an san sai an kira kamfanin gas.

Sannan duk abin da ya tsayar da aiki, a ranar nake neman a dakatar da agogo, ta imel, da sunan aikin da dalili da sa'ar da na kira da wanda na kira, kuma ba na sakin maganar sai na ga matsayin ya sauya da idona. Kwafin yana shiga fayil ɗin aikin, dama USPAP ta ce a ajiye fayil aƙalla shekara 5. Kuɗin zuwa a tarar ba a shirya ba shi ma a rubuce nake son a amince da shi tun kafin in tada mota, domin bayan ka dawo roƙo za ka koma yi. Wancan karon sai da na yi ta bi kamar bashi na ci musu.

Lokaci kuma tsakani nake bayarwa, in ce tsakanin goma da sha biyu, ba na cewa ƙarfe goma daidai, saboda gidan da ka zata ƙarami ne sai ka je ka tarar an yi masa ƙari ta baya. Tun Afrilun 2022 Fannie Mae ta wajabta awo da ma'aunin ANSI, wato ƙa'idar auna girman gida, sai ka duba tsayin silin ko ya kai ƙafa 7, ka ware abin da yake ƙasa da doron ƙasa daban, gidan da ke da ɗaki a ƙarƙashin rufi mai gangara zai ci maka lokaci sosai. Da hunturu ba na karɓar na yamma liƙis komai roƙon da za a yi, rana tana faɗuwa da wuri, hoton titi da na bayan gida a duhu mai bitar rahoto zai dawo da shi, ka sake tafiya. Gidajen da suke gefe ɗaya nake haɗawa rana ɗaya, wanda duk ya ce lallai sai gobe kuma gobe ina wani gefen, sai in faɗa masa ranar da zan iya, in bai yi masa ba ya ba wani. Farkon da na fara cewa a'a gabana faɗuwa yake yi, ina tunanin abinci zai yanke. Wasu kamfanonin sun daina turowa da gaske. Amma ƙananan bankuna da suke da mutum mai ɗaukar waya sun fi son wanda in ya ce Laraba to Laraba ce, kuma da su na cike gurbin, na fi samun nutsuwa yanzu nesa ba kusa ba.

Wani abokin aikina yana ganin na cika tsanani, shi yana karɓar duk ranar da aka sa masa ya yi ta gudu, makinsa kullum a sama, ban ce ya yi laifi ba, yana da iyali kuma yankinsa gidajen kusa da juna suke. Abin da na ce masa kawai ya nemi sanin yadda ake tsayar da agogon kowane kamfani tun kafin ya bukata, domin kowanne da nasa tsarin kuma ba za su faɗa maka ba sai ka tambaya.

Yanzu kuma ga sabon salo da ya ƙaru tun bayan korona, wanda za a tura wani daban ya je ya ɗauko hotuna da awo, kai kana ofis a turo maka ka rubuta daraja ka sa hannu. An ce don a rage jiran sa rana ne. Irin wannan in ya zo ina fara duba ko wanda ya je ɗin ya kunna fitila ya buɗe famfo, da ranar da ya je, in hotunan ba su nuna min ba sai in mayar da tambaya kafin in taɓa rahoton, kuma tare da tambayar nake tura buƙatar a dakatar da agogo.