Yadda na haɗa tarihin tsohuwar mazaɓarmu a ƙasar Tsafe

A yau Tsafe tana cikin mazaɓar tarayya ta Gusau da Tsafe, ɗaya daga cikin bakwai da Jihar Zamfara take da su a Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Aikin da na ɗauko shi ne in gano waɗanne mazaɓu ƙauyukanmu suka taɓa zama a cikinsu kafin wannan, wa ya tsaya, wa ya ci, da ƙuri'a nawa. Kuskurena na farko, wanda ya cinye mini watanni, shi ne na fara da neman sunan mazaɓa. Suna ba ya zama wuri ɗaya. Wani lokaci sunan yana nan amma an yanke masa gunduma guda an kai wani wuri, wani lokaci ƙasar tana nan daram amma an sake mata suna. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya, ma da kusurwa ake yawan raɗa wa mazaɓun ƙasar Sakkwato suna, kamar Sakkwato ta Yamma wadda Shehu Shagari ya fara wakilta a 1954. Suna irin wannan ba ya gaya maka ko ƙauyenku yana ciki.

Da na gane haka sai na juya aikin. Na rubuta jerin ƙauyuka da dagatansu da gundumar da kowanne yake bi, sannan a kowane zaɓe na tambayi takarda abu ɗaya: wannan gunduma, a wace mazaɓa aka sa ta a wannan shekara? Na ja layuka takwas a babban littafi: shekara, majalisa, sunan mazaɓa, gundumomin da ke ciki, yawan masu rajista, 'yan takara da jam'iyyunsu, ƙuri'u, da inda na samo. Layin ƙarshen nan shi ya fi kowanne daraja. Duk lambar da na rubuta ban sa inda na gan ta ba, daga baya sai da na goge ta.

Sai kuma sanin gidan da za a nemi takardun, domin ƙasar ta sauya uban gida sau uku. Har 1967 muna Lardin Sakkwato a Jihar Arewa, ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Daga 1967 muka koma Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato, sai ran 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Ma'ana, duk zaɓen da ya gabaci 1996 ba a Gusau ake fara neman takardunsa ba. Na zamanin lardi suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, a rukunin fayilolin da ake kira Sokprof, a kuma leƙa Gidan Arewa. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Wanda yake irin wannan aiki a kan ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi ya kula: Zuru a Lardin Neja take a wancan zamani, sai a 1976 ta shigo Jihar Sakkwato, don haka zai gaji da juya fayilolin Sakkwato bai ga komai ba.

Rubutun suna ma tarko ne. Turawa Chafe suka riƙa rubutawa, ba Tsafe ba, Kwatarkwashi kuma Kotorkoshi. Na yi kwana biyu ina duba jerin fayiloli a harafin T alhali abin yana C. A ɗakin karatun, kafin in ɗauki hoton kowane shafi sai na fara ɗaukar bangon fayil da lambarsa, in ba haka ba hotuna ɗari uku a waya sun zama tsaki da tsakuwa. A tafi da fensir, a kuma nemi izini kafin a ɗaga waya.

Inda aikin yake da nauyi shi ne kwatanta lambobi, kuma a nan ne na ga rubuce-rubucen ɗalibai da dama sun zame. A zaɓen tarayya na 1954 ba kai tsaye talakan Arewa ya zaɓa ba. Mataki-mataki aka bi, ƙauye ya fitar da wakilai, su kuma su fitar da na sama. Ƙuri'un da za ka gani a sakamakon ƙarshe na 'yan tsirarun wakilai ne, ba na jama'a ba. Zaɓen 12 ga Disamba 1959 shi ne na tarayya na farko da aka yi kai tsaye a faɗin Arewa, kujeru 174 cikin 312, amma maza zalla, masu shekara 21 zuwa sama. Kafin zaɓen 30 ga Disamba 1964, bayan ƙidayar 1963, kujerun Arewa sun koma 167, wato an sake taɓa iyakoki. A zaɓen kuma 'yan takara da yawa a Arewa sun wuce ba hamayya, ga ƙaurace wa zaɓe da ƙawancen jam'iyyun adawa na UPGA ya yi. Idan ka tarar da gurbin ƙuri'u babu komai a 1964, kada ka ce takarda ta ɓata; duba ko ba a ma jefa ƙuri'ar ba.

A 1979 lissafin ya canza gaba ɗaya. Mata sun shiga, shekarun zaɓe sun sauko 18, kujerun Majalisar Wakilai 449, Jihar Sakkwato na da 37, an kuma jefa ƙuri'arsu ran 14 ga Yuli. A 1983 kujerun majalisar suka zama 450. A 1992 kowace ƙaramar hukuma aka ba ta kujera guda. Saboda haka wanda ya jera ƙuri'un 1959 kusa da na 1979 ya ce “sha'awar siyasa ta ninka” ya auna gero da mudun wani gari ne: masu zaɓen ba ɗaya ba, ƙasar ba ɗaya ba. Ni dai abin da na yarda in kwatanta shi ne kason da kowace jam'iyya ta samu cikin ɗari, shi ma sai in gundumomin sun yi daidai.

Jarida tana da amfani, amma da sharaɗi. Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen, daga 1966 kuma New Nigerian, sukan buga sakamako da zafinsa, kafin a kammala tattarawa. Sau biyu na tarar lambar jarida ta saɓa da ta Gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, kuma ta Gazet na bi. Amfanin jarida yana wajen abin da Gazet ba ta faɗa: wanda aka hana tsayawa, wanda ya janye, ƙarar zaɓe, zaɓen cike gurbi, da wanda ya sauya sheƙa bayan ya ci.

Sunayen mutane su ma sun ba ni wahala. Mutum ɗaya ya fito a wata takarda da sunan yanka da na mahaifinsa, a wata da sunan garinsu, a ta uku da sarautar da aka naɗa shi daga baya. Saura ƙiris in rubuta 'yan majalisa uku alhali mutum ɗaya ne. Maganinsa kati guda ga kowane mutum, da duk sunayensa da shekarar da ya samu kowace sarauta.

Dattawa kuwa ba da shekara ake tambayarsu ba. Ranar farko na ce wa wani tsoho, “Baba, wa ya ci zaɓen 1959 a nan?” Ya dube ni ya ce, “Yaro, wane zaɓe kaka nuhi, na hwartanya ko na masara?” Daga ranar na canza salo. Alamar fartanya da taken “Salama” jam'iyyar NPC ce, tauraro da “Sawaba” NEPU. Gida da masara NPN, makulli PRP. Doki SDP, mikiya NRC. Yadda aka jefa ƙuri'a ma yana nuna zamani. In ya ce an shiga bayan labule, kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa a jiki, ka jefa takarda ba dangwale, to jamhuriya ta farko yake nufi. In ya ce ƙato bayan ƙato aka yi, an ja layi ana ƙirga kawuna, to zamanin Babangida ne. In tsohuwa ta ce ta jefa ƙuri'ar ɗan majalisar tarayya, ka san ba a gaza 1979 ba.

Tambaya ta biyu da ba na tsallakewa ita ce, “Da ya ci, Kaduna ya tafi ko Ikko?” Mutane suna haɗa ɗan Majalisar Jihar Arewa, wadda aka yi zaɓenta a 1956 da 1961, da ɗan majalisar tarayya, duk “ɗan majalisa” suke cewa. Na kuma daina hira da dattawa a taro, domin babban cikinsu yana magana sauran sai “haka ne”. Ɗaya-ɗaya nake bi, in nemi tsohon ɗan NPC in nemi tsohon ɗan NEPU, kuma ba na shigar da magana cikin littafi sai mutum biyu da ba su zauna tare ba sun faɗe ta, ko takarda ta mara mata baya. Abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa yana shafin baya, da fensir, da ranar da ya faɗa.