Daren da Dunƙule ta karɓi ɓera

Laraba, 11 ga Yuni, 2025. Mamobi, Akra.

Kafin in fita sallar asuba sai da na durƙusa gaban robar na haska tocila ta gefe. 'Yar mesata tana cikin kaskonta, ɗan kan kawai a waje, harshe na fita yana komawa. Yau kwananta tara a ɗakina, kuma ko loma ɗaya ba ta shiga cikinta ba.

Ranar Litinin ɗin da ta gabaci Babbar Sallah na ɗauko ta daga wurin wani mai kiwon mesa a hanyar Dodowa. Irin 'yar mesar nan ce ta ƙasarmu wadda idan ta tsorata sai ta cusa kanta a tsakiya ta dunƙule kamar curin fura, shi ya sa na sa mata Dunƙule. Ba ta da dafi, kuma ko ta girma da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Ranar da ta zo na ɗora ta a kan ɗan sikelina na shago, giram 68. Tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Mai kiwon ya ce ta riga ta yi saɓar farko, ta kuma ci sau ɗaya a hannunsa, sannan ya ja mini kunne: in bar ta mako guda, kada in taɓa, kada in ba ta komai.

Ban ji maganarsa ba. Washegari na miƙa mata ɓera, ta dunƙule. Ranar Alhamis na sake, ta juya kai ta shige lungu. Sai ga Sallah ranar Juma'a, gida ya cika da baƙi, yaran Yaya da na maƙwabta suna ta zarya ɗakina, wannan ya ɗaga murfi, wancan ya ƙwanƙwasa roba. Ranar Asabar na saya wa ƙofar kwaɗo. Da na kira mai kiwon na faɗa masa komai, bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: ina take ɓuya? Na ce na sa mata kwali mai faɗi. Ya ce in cire. A daji ramin ɓera take shiga ko cikin suri, inda jikinta ke taɓa bango ta kowane gefe, kuma muddin ba ta samu irin wannan matsi ba hankalinta ba zai kwanta ba, balle ta yi tunanin ci. Na samo ɗan ƙaramin kasko mai ɓantaren baki a kicin na kifa mata. Tun daga ranar ban sa mata hannu ba, ruwa kawai nake canjawa.

Da na dawo daga masallaci na tarar da Mma tana zuba soborodo da burkina a robobi, na sayarwa. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ce yau zan je in karɓo ɓera. Ta ce, "Na faɗa maka tun farko, firijina ba ma'ajiyar mushe ba ce. Abin da mutane ke sha nake sawa a ciki." Na ce na sani, Mma, da kulata ta ƙanƙara zan tafi. Gaskiya tana gare ta. Ɓera ko a daskare yake yana iya ɗauke da ƙwayar cutar gudawa, ita kanta mesar ma haka, kuma idan labari ya fita a unguwa cewa akwai ɓeraye a firijin da ake sanyaya burkina, cinikinta ya mutu ke nan.

Shago yau ba wani abin kirki. Wayoyi uku na gyara a Sakul, biyu fuska, ɗaya wurin caji. Da azahar na bar wa yarona shagon na hau tirotiro zuwa Madina, daga nan na shiga motar Dodowa.

Gidan mai kiwon ya cika da robobi jere bisa katako har rufi. Wannan lokacin ne ƙyanƙyasa ke ƙarewa, kuma yawancin abin da ke wurin ba na 'yan ƙasa ba ne. Gana da Togo da Binin su ne suka fi kowa fitar da wannan mesa zuwa Amurka da Turai. Mafarauta ne ke kamo matan da ke da ciki, a ajiye su har su saka ƙwai, galibi huɗu zuwa takwas, a mayar da uwar daji, ƙwan kuma ya yi wajen wata biyu kafin ya fashe. Ba a fitar da ko ɗaya sai da takardar sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji. Na tsaya ina kallon ɗaruruwan 'yan mesa da za su hau jirgi a Kotoka su tafi ƙasar da sai an kunna musu wuta kafin su ji ɗumi, raina ya ɗan sosu. Tawa dai a iskar da aka halicce ta take. Damina ce, ɗakina da dare ma'aunin zafi yana nuna 27, da rana ya kai 31, ga danshi isasshe. Sai hunturu ya kama zan fara tunanin yayyafi.

Ya zaɓo mini 'yan ɓeraye biyu daga cikin na kiwonsa, waɗanda gashi ya gama fito musu, a daskare. Ya ce ma'aunin shi ne kaurin ɓeran ya yi daidai da inda mesar ta fi kauri. Na faɗa masa abokina ya ce me zai sa in ɓata kuɗi alhali ɓeraye sun cika kwatar Nima. Ya girgiza kai. Ɓeran gida ba ka san abin da ya ci ba, kowane gida akwai maganin ɓera a bayan buhu, idan ya lasa mesar ta haɗiye shi, su biyun sun tafi. Ga kuma zazzaɓin Lasa da ɓera ke yaɗawa, wanda a 2023 ya ɓulla a nan Akra. Na tambaye shi ko in gwada mai rai, tunda an ce shi ya fi tayar musu da sha'awa. Ya ce in fara da wannan. Mai rai yana cizo, kuma idan aka bar shi da mesar da ba ta son ci, shi ne zai ci ta.

A hanyar dawowa cunkoson kasuwar Laraba ya riƙe mu a titin Nima har aka kira magariba. Kula tana kan cinyata, ina ta taɓa murfin ina jin ko ƙanƙarar ta narke.

Bayan magariba Kawu Malam ya aika a kira ni. Na san zancen. Na zauna a bakin tabarmarsa, ya ce Mma ta kawo masa ƙarata. Ya ce malamai da yawa ba su yarda a ajiye maciji a gida ba, kuma hadisan da suka zo a kan kashe maciji ba ɓoyayyu ba ne. Na ce haka ne, Kawu, amma wannan ba ta da dafi, ba ta kuma iya cutar da ko jariri. Ya ce wannan maganar za mu zauna a kanta ranar Juma'a da littafi a gaba, ba a tsaye ba. Sannan ya tambaye ni, "Kwana nawa ba ta ci ba?" Na ce tara. Ya yi shiru, ya tuna mini matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ya ce, "Ko halal ne ajiyewar ko ba halal ba, yunwarta a wuyanka take tunda kai ka rufe murfin. Tashi ka je." Wannan maganar ita ce ke hana ni barci tun makon jiya, yau sai na ji ta daga bakinsa.

Na jira har bayan isha'i, gida ya yi tsit, don dabbar dare ce. Na sa ɓera ɗaya a leda na ƙulle, na tsoma a ruwan sanyi har ya saki, na matsa cikinsa na ji babu sauran tauri. Daga nan na mayar da ledar cikin ruwan ɗumi, irin wanda hannu ke iya jurewa, ba tafasasshe ba. Dalilin ɗumin shi ne mesa ba da ido ta fi farauta ba. A leɓenta na sama akwai 'yan ramuka a jere, da su take jin zafin jikin abin da ke gabanta ko a duhu ne, harshen kuma shi ke kwaso mata wari. Ɓera mai sanyi a wurinta kamar dutse yake. Ina jin kuskurena na farko ke nan, don wancan karon ko ɗumama shi ban yi sosai ba. Na auna, giram 8. Na aro na'urar busar da gashi ta ƙanwata na hura wa kansa iska mai zafi kusa da robar, don warin ya riga ni shiga.

Na kashe fitila, na rufe tocila da jan ƙyalle. Na zare murfin a hankali, na kama ɓeran ta ƙugu da dogon hantsakin da nake aikin waya da shi, na riƙe shi kamar yatsa huɗu daga bakin kaskon. Harshe ya fara fita da sauri. Kan ya fito, wuyan ya biyo, ya lanƙwashe ya ja baya. Na ɗan girgiza hantsakin kaɗan, kamar ɓera na sansana ƙasa. Minti ɗaya, biyu, hannuna ya fara rawa. Ta matso, ta tsaya. Na ce a raina ya Allah.

Ban ga saran ba. Na dai ji an fizge hantsakin, kafin in kifta ido ta nannaɗe shi zagaye biyu tana matsewa. Na saki, na mayar da murfi, na koma bakin gado na zauna ban ko motsa ba.

Ta daɗe a matse kafin ta saki. Sai ta bi jikin ɓeran da hanci tana neman kai. Ta fara kama ƙafa, ta saki, zuciyata ta faɗi, ta sake zagayawa har ta samu hancin. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Mutane na cewa maciji gocewar muƙamuƙi yake yi, ba haka ba ne. Muƙamuƙinta na ƙasa biyu ne, jijiya mai talewa ta haɗa su a haɓa, sai ta tura ɓangaren dama gaba ta kafa haƙora, ta turo na hagu, kamar mai jan guga hannu bayan hannu. Fatar wuyan ta miƙe har zanen ya rarrabu. Wajen minti goma sha biyar wutsiyar ta ɓace. Ta yi hamma, ta daidaita bakinta, ta sulale cikin kasko da ɗan tudu a tsakiyar jiki. Hawaye ya zo mini, na bar shi ya zuba.

Yanzu sai kwana biyu cur ba taɓawa, ko ɗaga kaskon ba zan yi ba, don idan aka dame ta tana iya harar da shi, kuma amai ga ƙarama irinta ya fi rashin ci haɗari. Ci na gaba ranar Talata, bayan kwana shida.

Na fito wanke hannu da hantsaki a bakin famfo, sai na ga Mma zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ashe ba ta kwanta ba. Ta ce, "Ta ci?" Na ce ta ci, Mma. Ta ce, "To. Ka sa sabulu sau biyu kafin ka taɓa mini kwano."

Ɓera na biyu yana cikin kula, ƙanƙarar ba za ta wuce safiya ba. Gobe kafin shago zan biya wurin mai gyaran firiji na bayan tasha in ji nawa zai bar mini ƙaramin nan da na gani a ƙofarsa.