Laraba: ni da Goggo a kan zanen Sisley

An kawo wuta da rana, har na samu na yi guga. Abba har yanzu bai dawo min da cazata ba.

Bayan la'asar Goggo ta leƙo kwamfutata ta ga hoton da ke fuskarta: gida ruwa ya kewaye shi, kwalekwale a bakin ƙofa, rabin hoton duk gajimare ne. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wane gari ne ruwa ya ci?"

Na ce, "Goggo, zane ne. Ambaliyar kogin Seine ce a Port-Marly, can Faransa, tun 1876. Alfred Sisley ya zana."

"Mutane na cikin musiba, shi ya tsaya zane?"

Sai da na yi dariya mai isata, sannan na ba ta labarinsa. Ɗan masu hali ne, iyayensa 'yan Ingila, amma a Paris aka haife shi a 1839. Uban fataucin siliki yake, ya tura shi Landan koyon kasuwanci, yaro ya dawo ya ce shi sai zane. Tare suka koya da shahararrun masu zanen Faransa su Monet da Renoir, suna fita fili suna zana ruwa da sararin sama yadda hasken lokacin ya nuna su. Yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 ya karya uban, daga nan talauci bai sake shi ba. Su Monet suka yi suna suka yi kuɗi, shi yana ɗan garin Moret-sur-Loing yana ta zana gada da coci. Matarsa ta rasu a 1898, shi ma kansar maƙogwaro ta ɗauke shi a Janairun 1899. A 1900 aka sayar da zanen ambaliyar nan faran 43,000, kuɗin Faransa na lokacin.

"'Ya'yansa suka karɓa?"

Na ce a'a, wanda zanen ke hannunsa ne.

Ta taɓe baki. "Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi." Ta ja butarta ta yi gaba.

Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa yana zana kogunan Faransa da ƙauyukanta, zane wajen 900, ya nemi takardar zama ɗan ƙasa, har ya mutu bai samu ba. Yau ga aikinsa rataye a gidan tarihi na Orsay, a tsakiyar Paris, ana sayen tikiti a shiga kallo. Har na yi isha'i raina bai yi daɗi ba.

Jibi bikin Rukayya, tela kuma ya daina ɗaga waya.