Wasiƙa daga Ingila: kafin a sallami yaron POS saboda sa-in-sa da kwastoma

Assalamu alaikum iyayen gida, masu shaguna da rumfunan POS a Wudil da Maigatari da ƙauyukan kewaye. Da fatan ana kasuwa lafiya. Mu 'yan'uwanku ne masu aikin kula da ma'aikatan kantuna a Ingila, kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake korar yaro nan take don kwastoma ya ɗaga murya.

Ku duba rigimar da ta fi yawa ranar kasuwa. Mutum ya zo cirar naira 50,000 zai biya kuɗin tunkiya. Ya sa kati, saƙo ya shigo wayarsa cewa an cire, amma rasit ya fito yana nuna cinikin bai wuce ba. Yaro ya hana kuɗi, mai kati ya ce an cuce shi, jama'a suka taru. To, yaron nan daidai ya yi. Kuɗin bai shiga asusun rumfa ba, ya maƙale ne tsakanin bankuna, kuma tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa wa'adin awa 72 a warware irin wannan. Da ya miƙa kuɗin, banki ya mayar wa mai kati nasa, maigida ne da asara, kuma yaron za a ce ya ci.

Don haka, Alhaji, kada ka yanke hukunci a gaban taro. Ka janye yaron gefe, ka zaunar da kwastoma. Ka buɗe lissafin na'ura, ka gwada lokaci da adadi da lambobi huɗun ƙarshe na kati. Ka ba shi rasit ɗin ya kai bankinsa, ka karɓi lambar wayarsa. Yaron kuma ka saurare shi bayan an tashi daga kasuwa, tare da wanda aka yi abin a gabansa.

In ta tabbata ya yi baƙar magana, laifi ne, ya je ya ba da haƙuri. A nan Ingila, a ƙaramin laifi sai an bincika, an ji ta bakin ma'aikaci, an yi gargaɗi a rubuce, an yi na ƙarshe, kafin a kai ga sallama. Sata da duka da cin amana ne ake kora a kansu ba tare da gargaɗi ba, amma su ma sai an bincika an ji ta bakin ma'aikaci. Ku a wajenku, littafin bashi ma ya isa a rubuta gargaɗi da kwanan wata.

Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 11, ta ƙayyade sanarwar sallama: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 in bai kai shekara 2 ba, mako 2 zuwa shekara 5, wata 1 daga nan sama, ko a biya kuɗin kwanakin. Sashe na 5 ya hana cin ma'aikaci tara daga albashinsa. Wannan muke so ku riƙe sosai, don sau da yawa ana korar yaro a danne masa kuɗin wata, alhali hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Sabon yaron da za ka ɗauko bai san saƙon bogi ba tukuna, bai san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. A kuɗinka zai koya.

Wassalam,
'Yan'uwanku mazauna Ingila