Kafin Motar Makaranta Ta Iso Gonarmu

Masu kawo mana ɗalibai sukan zaci aikinmu yana farawa ne idan motar makaranta ta tsaya a ƙofa. Kafin nan mun ci rabin aikin yini. An ba dabbobi abinci, an wanke kwamin ruwa, an kwashe kashin garke, tarakta kuma ta gama duk wani aiki mai haɗari ta koma rumfarta, makulli yana aljihuna.

Ba na tayar da ita sai na zagaye ta. In zaro sandar awon baƙin mai, in goge, in sake tsomawa. In leƙa ruwan lagireto tun injin na da sanyi, in kakkaɓe filtar iska, in bi gaɓoɓinta da giris har tsohon ya tuttuɗo. Maigidan da ya koya mini, Allah ya saka masa da alheri, ya daɗe yana sa ni wannan kaɗai kafin ya bar ni na taɓa sitiyari. Yakan tsayar da ni kusa da salansa ya ce, "Yaro, me hayaƙin nan ke faɗa maka?" Baƙi, injin bai samun isasshiyar iska ko mai ya yi yawa. Shuɗi, yana ƙona baƙin mai. Har yau da ido da kunne nake gane ciwonta kafin makanike ya kwance ƙusa ɗaya.

Abin da ya sa nake tsanantawa a kan filta ke nan, kuma nan ne masu sayar da kayan gyara suke ƙona mini rai. Kwali mai kyau, tambari daidai, a ciki kuwa jabu. Filtar mai ta jabu tana barin datti ya wuce zuwa famfon mai, ranar da ka fi buƙatar huɗa ita ce ranar da injin zai tsaya maka a tsakiyar gona.

Idan yara sun iso, injin a kashe yake, garma a ƙasa. Sai in kai su bayan tarakta in nuna musu hannuwa uku da ke ɗaga garma, dabarar da wani injiniya mai suna Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926, wadda taraktocin yau ke aiki da ita. Sannan in nuna musu sandar ƙarfen da ake kira PTO, mai juya injin yankan ciyawa. Tana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Idan ta kama bakin riga, babu saurin hannun da zai ceci mutum. Shi ya sa murfinta ba ya barin jikinta a gonar nan.

Wasu kuwa sun tara awaki biyu da tsohuwar tarakta sun kira wurin gonar ilimi, suna ɗora yara a kan murfin taya don a ɗauki hoto. Sai malami ya zo yana neman ragi, wai can ya fi arha. Kujerar tarakta ɗaya ce, mutum ɗaya take ɗauka, kuma ban taɓa sassauta wannan ba ko don wa. A wurinmu yaro zai dunƙula ƙasa a tafinsa ya gane ko ta yi laimar da za a huɗa ta, ya tura hannu cikin tulin taki ya ji zafin da ruɓewa ke haifarwa, ya shuka layinsa da kansa. Makarantar da ta sake dawowa bayan makonni, muna nuna wa kowane aji layin da ya shuka.