Jar shaddar da ta kusa cinye mini bargon amarya

Har yanzu in na bi ta layin masu shadda a kasuwa sai na ji raina ya sosu. Ni ba tela ba ce, ɗinkin sha'awa nake yi da tsohon keken ƙafa Butterfly da na gada wurin Inna, wanda babu ruwansa da ɗaukewar wutar Yamai. Tun ƙarshen damina na yi ƴan abubuwa: jakunkunan atamfa na zuwa islamiyya, rigunan matashin kai, zanen goyo da na kai sunan maƙwabciya. Waɗannan duk sun tafi lafiya, babu abin faɗi. Maganar tana kan bargon haɗe-haɗe da na yi wa ɗiyar yayata na aurenta.

Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da tera-tera, saƙar hannu da ake sa wa amarya cikin kaya, kuma kullum yana ba ni sha'awa. Ni ban iya saƙa ba, sai na ce bari in haɗa nawa da guntayen atamfar gidanmu: ankon bukukuwan da suka wuce, ragowar yadin salla, da tsofaffin zannuwan Holandis na Inna, Allah ya jiƙanta. Na yanka kwali mai santimita 12 kowane gefe, da shi na auna kowane ƙyalle, ɗinki ya ci santimita 1 ta ko'ina, aka bar 10. Jeri 20, kowane jeri ƙyalle 18, ke nan ƙyalle 360, faɗi mita 1,80, tsawo mita 2. A tsakiya na sa siririn bargon gwanjo da na samo a kasuwar Katako, bayansa farin yadi.

Da fuskar ta haɗu sai na ga tana son baki mai ƙarfi da zai riƙe launukan nan masu yawa. Ja na so. Na sami wata rinanniyar shadda, ja wur, tana ƙyalli, na tambayi mai ita ko tana zuba. Ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, wannan ko cikin kogin Isa kika kwana da ita, ruwa ba zai canza ba." Na biya kuɗin mita 3, na dawo gida na yanka ta ɗauri-ɗauri na kewaye bargon da ita. Ta yi kyau, wannan kam ba zan hana ta ba.

Saura kwanaki kaɗan a yi jere na ce bari in wanke shi, saboda zanen alli da dauɗar hannu. Ina tsoma shi cikin baho ruwan ya koma kamar zobo. Kafin in ciro shi, farin yadin baya ya rine, duk wani ƙyalle mai farin ƙasa ya ɗauki ja-ja, har da na Inna. Kuma ba a nan ta tsaya ba. Tsofaffin atamfofin sun sha wanki shekara da shekaru, sun gama tsukewar da za su yi. Ita shaddar sabuwa ce, wannan ne ruwanta na farko, sai ta tsuke ta ja bakin bargon, ya tattare ya ƙi kwanciya.

Nan masu shawara suka taru. Gwaggo ta ce, "Ke ɗiyata, gishiri za ki zuba, mu da shi muka saba." Wata ta ce binegar, wata ta ce jabel, ruwan nan da ake sa wa fararen kaya su yi fari. Jabel ɗin ne ya fi ba ni tsoro, don ba ya bambanta jan da ya zuba da furen atamfa, duka zai ci, ya kuma raunana zare. Gishiri kuwa, da girmamawa ga Gwaggo, marina suna sa shi ne lokacin rini don launi ya kama auduga. Bayan an gama rini, launin da ya yi saura bisa yadi ba ya kama shi, fita kawai ya rage masa. Saboda haka aikin shi ne a taimaka masa ya fita, a hana shi sake zama wani wuri.

Abu na farko, ban bar bargon ya bushe ba, ban kuma kusantar da dutsen guga ba, don zafin guga da bushewa su ke zaunar da tabo. Na ɗauki reza na farke shaddar gaba ɗaya yana jiƙe, mita 7,60 na kewaye, gaba da baya, ina yi ina tuna mutumin nan da hannunsa bisa ƙirji. Sannan na aro babbar robar wankin maƙwabta, na cika ta da ruwan zafi sosai, na zuba sabulun ruwa na wanke kwanuka, na danna bargon har ya nutse duka, na aza masa bokiti cike da ruwa. Wurin da ya leƙo sama nan ne ja ke taruwa ya yi layi, shi ya sa dole ya nutse. Ya kwana a haka. Da safe na zubar, na sake wani ruwan zafin, haka dai har ruwa ya fito fari. Gawayin da na ƙona wajen dafa ruwan nan ya isa girkin suna.

Na koma wurin mai shaddar da guntun a hannu. Ko kunya bai ji ba, cewa ya yi, "To Hajiya, wa ya ce ki wanke ta da sabulu?" Haushi ya hana ni magana, amma a hanya na ga inda zancensa yake da ƙamshin gaskiya. Irin wannan shaddar fara take zuwa daga masaƙa, mai tsada irin Getzner daga Ostiriya, mai araha daga Sin, sannan marina a Bamako ko nan gida su rina ta, a sa mata ƙaro, a kai ta bugu. Ƙyallin nan da taurin nan na bugu ne, kuma mai babbar riga lallaɓa ta yake yi, ba kullum take ganin ruwa ba. Bargo kuwa na wanki ne, yara za su hau, za a zubar masa da koko. Ba wurin rinanniyar shadda ba ne sai an wanke ta an gama da ita. Da ya gaya mini haka tun farko, da na gode masa. Rantsuwar ce ta ƙona mini rai.

Yanzu ko ƙyalle nawa ne, ko na wane ne, sai ya kwana cikin ruwan ɗumi a farin kwano kafin almakashi ya taɓa shi, ja daban, shuɗi daban, baƙi daban. In ina kasuwa, ina da farin hankici a jaka. In jiƙa shi in goga a bakin yadi, in ya ɗauko launi na san da wa nake ciniki. Atamfar roba mai arha ma na daina haɗa ta da ta auduga, don ba ta tsukewa tare da su, kuma guga mai zafi yana narkar da ita.

Sabon bakin na yi shi da shuɗiyar atamfa wankakkiya. Allura lamba 16 na sa, don 14 tana karyewa in ta haɗu da ninki uku, kuma na kama tsakiya da ɗinkin hannu ina yi zuwa gefe don kada bargon ciki ya taru wuri guda. Ya kai ga jere, an shimfiɗa shi, mata suna ta tambaya ko daga Dakar aka kawo. Ƙyallen Inna guda uku ba su koma fari sosai ba. Amarya ba ta lura ba, ni ce idona ke zuwa can duk lokacin da na shiga ɗakin.

Ga shi yanzu yayata tana son irinsa don ƙaramar ɗiyarta, kuma wai da bakin jar shadda, don shi ta gani da farko ya shiga ranta. Na ce, "Yaya, na ji. Ki saye ta, ki wanke ta da hannunki har ruwa ya fito fari, sannan ki kawo." Har yau ba ta kawo ba.